Almakashina da Ƙyallen Mai Girma

Ranar Talatar makon jiya, tun ƙarfe bakwai na safe na rufe shagona na ɗinki da ke Ƙofar Guga, na sa farar shaddar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na naɗe babban almakashina a tsumma na cusa a aljihu, na hau babur na kama hanyar Batagarawa. Ban yi nisa ba babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Gidan man farko layi ya zagaye shi har ya shige lungu. Na biyu an ja igiya an ce sai tanka ta iso. Na uku na tarar da ma'aikatan zaune a inuwa suna ɓare gyaɗa, ko ɗaga kai ba su yi ba. Haka na tura babur da ƙafa cikin zafin bazarar nan, shadda ta manne mini a baya, har makarantar 'yan matan da 'yata Furera take aji shida. Sauri nake yi kada in makara, domin an ce Mai Girma zai iso ƙarfe tara daidai, kuma bai kamata babban mutum ya iso ya tarar babu almakashi ba.

Wannan ne zuwana na huɗu da almakashin nan, don haka bari in yi muku bayani daga tushe.

Shekara uku da suka wuce, daidai lokacin da Furera ta shiga aji huɗu, aka gina wa makarantarsu ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ɗaki ne na gani na faɗa: tagogin gilashi, fankoki shida, dogayen tebura masu famfo, ga kwalaye cike da kayan aiki an jere su a bango. Ranar da magina suka kwashe shebur ɗinsu, takarda ta zo daga ofishin sama cewa kada kowa ya kuskura ya yi amfani da ɗakin sai Mai Girma ya zo da kansa ya yanka ƙyalle. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai kirki wadda na shekara goma ina yi mata ɗinki, ta ce tunda ni tela ne kuma ina da 'ya a makarantar, in taimaka da ƙyallen. Na ɗinka kore, mai faɗin tafin hannu, har da kalmasa a gefe. Da aka gwada almakashin ofis aka ga ko takarda sai ya tauna kafin ya raba, sai aka ce in riƙa zuwa da nawa. Tun daga ranar na samu muƙami ba tare da na nema ba. Aikina shi ne in tsaya a bakin ƙofa riƙe da faranti, almakashi a kai, ina murmushi.

Zuwan farko, Mai Girma ya tafi ta'aziyya. Allah ya jiƙan mamacin, babu wanda ya ce komai. Na biyu, ya tafi ƙasar waje a duba masa lafiya, wanda ya nuna mana cewa shi ma ya san amfanin ɗakin gwaji. Na uku kuwa har ya kamo hanya, sai wani mai kaifin ido a cikin tawagarsa ya lura cewa dutsen da aka kafe a bango ba ya ɗauke da sabuwar sarautar da aka naɗa masa a wancan watan. Aka juya motoci, aka ɓalle dutse aka tafi sassaƙo wani. Duk lokacin da aka watse, ƙyalle yana nan ɗaure a bakin ƙofa, rana ta ci rabonta, akuyar maigadi ta ci nata. Wanda yake wurin a ranar Talatar nan shi ne na uku da na ɗinka.

Abin da zai ba ku mamaki, mabuɗin ɗakin bai je ko'ina ba. Yana cikin durowar Hajiya Shugaba, kusa da kwalin alli. Babu ɗan sanda, babu soja. Abin da ya tsare 'yan mata ɗari da wani abu daga kayan karatunsu tsawon shekara uku, ƙyalle ne da ni na yanko daga ragowar yadin wata amarya.

Na taɓa kai ƙarar wannan lamari wurin maƙwabcina Babaji mai faci, wanda rumfarsa ke manne da shagona, kuma wanda bai taɓa jin labarin da ya ba shi mamaki ba. Yana tura tayar Keke Napep cikin ruwa yana neman inda take huci, ya ce, “Sammani, kai hwa ka cika gaggawa. Ɗakin ga don hoto aka gina shi. In yara suka shiga suka ɓata, mi za a ɗauka?”

Na ce, “To Hajiya ta buɗe mana, ba ga mabuɗi wurinta ba?”

Ya ce, “Ka manta shugaban makarantar nan da ya bari yara suka sha ruwan burtsatse kahin a ƙaddamar? Yanzu shina wani ƙauye da sai ya hau tsamiya kahin wayarshi ta kama. Hajiya tana da hawan jini, ba ta iya hawan tsamiya.”

Gaskiya Babaji ya faɗa, kuma ni ban taɓa ganin laifin Hajiya ba. A ƙasar nan za ka iya barin rufin aji ya faɗo, za ka iya barin yara su zauna a ƙasa shekara goma, babu wanda zai aiko maka da takardar tuhuma. Amma ka sha gaban babban mutum wurin ƙyalle, nan ne za ka ga aiki da cikawa, kafin la'asar an buga takardar canjin wurin aikinka an sa hannu.

Da a ce ɗakin taro ne ko wurin ajiye motoci, da ban dame ku ba. Abin da ya sa nake tura babur cikin rana shi ne Furera. Yarinyar nan tun tana ƙaramar sakandare ta ƙudurta a ranta cewa mai gwajin jini za ta zama a asibiti. Uwarta Hajo ce ta yi wata doguwar jinya, wata huɗu ana yi mata maganin cinta: wannan ya ce shawara, wancan ya ce taifot, wata tsohuwa ta ce iska ce. Sai da wata mata mai farar riga ta ɗiga jininta a gilashi ta leƙa, ta faɗi sunan ciwon, cikin mako biyu Hajo ta miƙe ta koma dafa zoɓonta na sayarwa. Furera ce ta raka ta ranar. Tun daga nan ba ta sake maganar wata sana'a ba.

To makarantar da ake koyon wannan aiki ba ta ɗaukar wanda bai ci kemistiri da kyau ba, kuma kemistiri yana da jarrabawar hannu, wadda yara ke kira firaktikal. Za a ajiye wa yarinya wata doguwar kwalba siririya mai ɗan famfo a gindi, sunanta buret, ta riƙa sakin wani ruwa cikin wani, ɗigo bayan ɗigo, har launi ya juya, ta tsayar nan take ta rubuta lamba. In ta wuce da yawa, lamba ta ɓaci, lissafin da ke biye duk ya ɓaci. A ranar Talatar da nake ba ku labari, saura kwana ashirin cif a yi wannan jarrabawa, kuma Furera ba ta taɓa riƙe buret a hannunta ba. Ranar jarrabawa akan aro kayan daga wata makaranta da safe a mayar da yamma, wato ranar da za a auna ta ita ce ranar da za su fara gaisawa.

Ba wai ba a koya musu ba. Malaminsu na kemistiri, Malam Aminu, wani siririn bawan Allah da ke zuwa daga Kambarawa a kan keke, ya iya zana buret a allo fiye da yadda na iya yanka wuyan riga. Wata rana na je kai wa Hajiya ɗinki, na leƙa ta taga na gan shi ya zana ta tun daga saman allo har ƙasa, ya ce, “To, kowa ta kama famfo. A hankali. A hankali.” Sai ga 'yan mata arba'in sun ɗaga hannu sama suna murza iska da yatsu biyu, fuska a murtuke. “Tsaya!” in ji shi, duk suka tsaya. Ya ce, “Rukayya, kin wuce.” Na yi dariya har na dafa bango. A hanyar komawa gida dariyar ta gudu ta bar ni.

Shi Malam Aminun ne ya ba su dabarar gida. Ya ce su nemi sirinji a kemis, da ƙaramin kofin gilashi, da zoɓo marar sukari, da ruwan kanwa, da lemon tsami. Na dawo shago wata la'asar na tarar da tsakar gidana ta koma asibiti. Furera na tsugune tana ɗiga ruwan kanwa cikin zoɓo, jan yana duhu yana komawa wani kore-kore, ta ɗiga lemon tsami ya dawo ja. Hajo na tsaye a kanta riƙe da ludayi.

“Wai wannan shi ne karatun da ake ta hana ki wanke-wanke dominshi?” in ji Hajo. “Ai tun ina budurwa na san in kanwa ta taɓa zoɓo ya tashi daga aiki.”

Furera ta ce, “Inna, ba sanin ake tambaya ba. Ɗigo na nawa ya juya, shi ake tambaya.”

Hajo ta ajiye ludayi ta jawo kujera. Daga ranar ta zama mai sa ido. Matar da ko aji ɗaya ba ta yi a boko ba, ita ce ke cewa, “Kin zarce, ɗiyar nan, tun ɗigon baya ya juya.” Kuma in aka sake sai a ga ita ke da gaskiya. Amma Furera da kanta ta ce mini sirinji turawa ake yi, buret kuwa murɗawa ake yi da hannun hagu, dama tana kaɗa kwalbar ƙasa, ido yana kan launi. Ta ce, “Baba, kamar a koya maka ɗinki da allurar hannu ne, ranar gwaji a zaunar da kai kan keke.” Wannan misali ya shige ni, don na san yadda keke ke gudu da wanda bai saba ba.

To mu koma ranar Talata. Na isa tara saura kwata, na jingine babur, na goge zufa, na karɓi farantina. An kafa rumfuna uku, an jera kujerun roba, na gaba an lulluɓe su da farin yadi. Kujerun nan suna inuwa babu kowa a kansu. 'Yan aji shida kuwa suna tsaye a rana cikin layi biyu tun ƙarfe takwas, domin su ne za su rera waƙar maraba. Mako biyu suka yi suna koyon waƙar nan, kuma a lokacin bitar karatu ake koyonta, tunda ba a samu wani lokacin da ya fi shi rashin amfani ba.

Tara ta yi. Sha ɗaya ta yi. Mai lasifika ya ce Mai Girma ya taso. Sha biyu ya ce yana hanya. Yara biyu suka yanke jiki suka faɗi, aka yayyafa musu ruwan leda aka mayar da su layi. Muka yi azahar muka dawo. Biyu saura sai ga jiniya, motoci uku baƙaƙe suka shigo suka tsaya. Yara suka ɗauki waƙa da ragowar muryar da ta rage musu. Aka buɗe ƙofa, wani matashi ya fito cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, waya biyu a hannu ɗaya. Ba Mai Girma ba ne. Ba ma Wakilin Mai Girma ba ne, shi an ce wani uzuri ya taso masa. Wannan shi ne Mai Girma Wakilin Wakili, Babban Mataimaki na Musamman kan Harkokin Ba da Haƙuri.

Allah ya ba shi baki, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya ce Mai Girma ya aiko shi musamman da shawarwari ga ɗaliban da ke watanninsu na ƙarshe. Ya ce su ne manyan gobe. Ya ce su dage. Ya ce su guji lalaci da zaman banza. Sannan ya gyara tsayuwa ya duba agogonsa mai ƙyalli, ya ce babban sirrin nasara shi ne girmama lokaci. Ya faɗi haka ne ga yaran da suka yi awa shida a tsaye suna jiransa, kuma ko muryarsa ba ta yi rawa ba. Daga ƙarshe ya miƙa hannu ya nuna ɗakin da ke kulle, ya ce yanzu ba su da wata hujja, an kawo musu kayan aiki na zamani har gida, saura su yi amfani da su. Muka tafa. Ni ma na tafa, da faranti a hammata.

Da ya gama na matsa na rusuna na miƙa masa faranti. Ya ja da baya kamar na miƙo masa garwashi. Ya ce, “A'a, Baba, ba ni da hurumin yankawa. Sunan Mai Girma ne a jikin dutse.” Ya tsaya kusa da ƙyallen aka ɗauke shi hoto ta dama da ta hagu, ya ce za a sanar da sabuwar rana, aka zuba masa kulolin abinci a but ɗin mota, jiniya ta tafi da shi.

Da ni aka miƙa wa lasifikar nan, 'yan aji shida, da ba zan ce muku ku dage ba, don na ga dagewarku da idona. Da zan ce muku ku ci abinci kafin ku fita, ko ɗumame ne, don kwanya ba ta aiki da yunwa. Da zan ce ku rabu da masu turo saƙo a waya cewa suna da tambayoyin jarrabawa tun kafin ranar. Ɗan Babaji ya haddace irin waɗannan amsoshi bara, ya shiga ya tarar da tambayoyin ba su san da zamansa ba. Da zan ce ranar jarrabawa ku fita kamar babu abin hawa a garin, don wataƙila babu ɗin. Kuma da zan ce ku duba cikin malamanku ku gane wanda ke zuwa a kan keke ba ya fashi, ku manne masa, ku tambaye shi har ya gaji, domin shi ne rabonku. Mai jiniya ba zai san sunanku ba ko kun ci ko kun faɗi. Amma ba a miƙa mini lasifika ba, ni na faranti ne.

Jama'a suka watse, masu haya suka fara tattara kujeru. Ina tsaye a bakin ƙofar ina naɗe almakashi, sai ga Furera ta zo, leɓenta ya bushe, hijabinta ya jiƙe da zufa. Ta wuce wurin taga ta kafa tafukanta biyu a gilashi ta leƙa.

Ta ce, “Baba, zo ka gani. Wancan dogon kwalin na ƙarshe. Su ne a ciki, an rubuta a jiki.”

Na leƙa. Kwali ne kawai, ƙura ta rufe shi.

Ta ce, “Ko sau ɗaya in riƙe, in ji nauyinta.”

Ba kuka take yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ta yi kuka da na lallashe ta. Ta faɗa ne kamar mai maganar abin da ta riga ta haƙura da shi. Ga almakashi a hannuna, wanda na wasa da kaina da asuba, ga ƙyalle taku ɗaya daga inda nake. Ba zan ɓoye muku ba, zuciya ta ce mini, Sammani, ƙyas ɗaya ne. Na ɗaga kai sai na ga Hajiya Shugaba tsaye a baranda tana kallona, ta dafe ƙirji. In na yanka, ni zan koma shagona, ita za ta koma gindin tsamiya.

Sai idon sana'a ya cece ni. Na dubi ƙyallen nan da kyau, na ga rana ta kore masa launi ta gefe ɗaya, kalmasar ta fara warwarewa, ga wurin da akuya ta ɗanɗana. Na mayar da almakashi aljihu, na je na rusuna.

Na ce, “Hajiya, ranki shi daɗe, wanga ƙyalle bai dace da Mai Girma ba. Dibi yadda ya koɗe. Aikina ne, in ya zo ya gan shi haka sunana ne zai ɓaci. Ki ba ni izini in kwance in tahi da shi in sako wani.”

Ta dubi ƙyallen, ta dube ni. Wannan mata ta taɓa kawo mini atamfar ƙaramar Salla ta karɓa ana jibi babbar Salla. Babu wanda ya san halina kamarta in ban da Hajo.

Ta ce, “Malam Sammani, kwana nawa aikin zai ɗauka?”

Na ce, “Jibi in sha Allahu.”

Ta ce, “Jibi irin na shagonka?”

Na ce, “Shi hwa, Hajiya.”

Ta juya kai gefe ta gyara mayafi, ina jin dariya take dannewa. Na kwance ƙulli biyun nan da yatsuna, na naɗe ƙyalle na sa a aljihu. Ban yanka komai ba, kowa shaida ne. Hajiya ta aika a kira Malam Aminu, ta yi masa magana da ƙarfi yadda duk mai kunne zai ji.

Ta ce, “Malam, ɗakin nan ya yi ƙura da yawa. Ba zai yiwu Mai Girma ya zo ya ishe shi haka ba, abin kunya ne gare mu. Daga gobe 'yan aji shida su riƙa share shi kullum, goma zuwa sha biyu. A fito da kayan cikin kwalaye a goge. Kuma a gwada kowanne a tabbata ba ya yoyo, kada a ba mu kunya gaban baƙi.”

Malam Aminu ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, “Za mu gwada su ɗaya bayan ɗaya, Hajiya. Wasu ma sai an maimaita.”

Washegari aka fara shara. Sun tarar da gidan zanzaro a kusurwa uku, fankokin nan shida ba a haɗa su da waya ba, famfunan tebur kuwa ado ne, babu bututu a ƙarƙashinsu, sai da yara suka riƙa ɗebo ruwa a bokiti. Ruwan da ake ɗigawa don ya nuna juyawar launi ya bushe ƙaf a kwalbarsa, shekara uku ba wasa ba. Kafin Malam Aminu ya samo wani wurin abokinsa, sai ya aiko a taimaka musu da zoɓo marar sukari. Hajo ta dafa jarka guda, ta tace sau biyu, ta hana kowa ɗauka sai ita. Ta dawo tana gaya wa matan unguwa cewa zoɓonta ya shiga sakandare.

Ranar farko Furera ta dawo gida ko tuwo ba ta taɓa ba. Sai da uwarta ta matsa ta faɗa. Da ta kama famfon buret sai ta murɗa da ƙarfi, ruwan ya zube gaba ɗaya. Ta sake, ya sake zubewa. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a lissafin abin a takarda, ta kasa tsayar da ɗigo. Na zauna ina tunani, da wannan kuskuren ya jira sai ranar jarrabawa fa? Shi ke nan, shekara shida da farar riga duk sun bi ruwan nan sun zube, kuma da an ce yarinyar ce ba ta dage ba.

Alhamis ma ta zubar, amma rabi. Juma'a ta ce ta fara jin famfon a yatsunta. Shekaranjiya Litinin, da la'asar, ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, sai na ga inuwa a bakin shago. Furera ce da kayan makaranta, ba ta ko biya gida ba, ga jan tabo a bakin hijabinta.

Ta ce, “Baba, ɗigo ɗaya. Na tsayar da shi a ɗigo ɗaya. Sau uku na yi, sau ukun lamba ɗaya ta ba ni. Malam ya sa na nuna wa sauran.”

Na ce, “Madalla, Allah shi yi albarka,” na sunkuya ina neman ramin allura, alhali zaren yana ciki. Na yi farin cikin da rabona da irinsa tun ranar da uwarta ta tashi daga jinya, kuma na ji haushin da ban san inda zan kai shi ba, don abin da yarinyar nan ta koya cikin kwana huɗu an tsare mata shi shekara uku.

Don haka ga shawarata ta gaske, ku da kuke ƙirga kwanaki. Duk abin da za a tambaye ku da hannu, ku nemi hanyar taɓa shi da hannu tun yanzu, ko a makarantar maƙwabta ne, ko a tsakar gida da sirinji. Ku yi kuskurenku da wuri, a ranar da ba a ba da maki. Ku kuma iyaye, ku je ku leƙa ta taga ku ga abin da ke kulle a makarantun 'ya'yanku. Ba na ce ku fasa ƙofa ba, ni mai biyayya ne. Na dai ce ɗakuna da yawa a jihar nan suna bukatar shara.

Yau da hantsi wata mota ta tsaya a gaban shagona, wani ɗan aike daga ofishin sama ya fito da takarda. An sa sabuwar rana, Alhamis ta mako mai zuwa. Ana so in kai ƙyalle yau a ɗaure, a rufe ɗaki kada kowa ya sake shiga, yara kuma su koma bitar waƙa. Na ba shi benci, na gaishe shi, na tambayi gida da iyali da aiki da gajiya da zafi, na aika a kawo masa zoɓo mai sanyi. Sannan na nuna masa tulin ɗinkin Salla da ya kai rufi, na nuna masa ƙwan lantarkin da rabonsa da haske tun Asabar, na nuna masa janareton da babu mai. Duk gaskiya ne, ko ɗaya ban ƙirƙira ba. Na ce aikin Mai Girma ba a yi masa gaggawa, ya dawo jibi.

Da motar ta tafi Babaji ya leƙo. Ya ce, “In suka sayo wani a kasuwa hwa?”

Na ce, “Sai sun kafa kwamiti. Kahin kwamiti shi zauna, Furera ta sa farar riga.”

Shekara talatin ina jin kunyar kalmar nan ta jibi, ina sunkuyar da kai in na hango mai kaya ya doso shago. Ban san sana'a ɗaya muke yi da manya ba, sai dai su da jiniya suke faɗar tasu. Ƙyallen yana nan ƙarƙashin matashin da nake zama a kai, lafiyarsa ƙalau. Saura kwana goma sha biyu a yi jarrabawa, wato jibi shida ke nan. Allah ya ja zamanin Mai Girma, ni na taɓa yi wa ango jibi tara.